Ƙurajen Saratu da Kwalin da Aka Kai Kanti

Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Sa'idu ne, mijin ƙanwata Saratu. Mutum ne mai doguwar gaisuwa, sai ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya kafin ya faɗi abin da ya sa ya kira. Ran nan bai tambayi kowa ba.

"Yaya, muna asibiti nan Rano. Mun zo awo. Malamar ta ce ki zo."

"Awon wa?"

"Saratu. Ciki ne da ita. Ni ma ban daɗe da sani ba."

Na buɗe baki zan yi hamdala, ya riga ni. "Yaya, wai akwai maganin da ta sha. Na ƙurajen nan. Ki dai zo."

Na bar farantin a ƙasa, na zura hijabi, na tare adaidaita a bakin titi. Na tarar da Saratu a kan benci, ta ja hijabinta har kan hanci, idonta a ƙasa. A kan teburin malamar awo akwai wani ɗan kwali da na sani, don na sha ganinsa a ɗakin Saratu a Durba. Malamar ta dube ni ta ce, "Ke ce yayarta? Ina mahaifiyarku?"

Na ce, "Ta rasu. Ni ce uwar."

Ta ce, "To ki zauna. Wannan maganin ba a haɗa shi da ciki. Ba ni zan yi muku bayani ba, Kano za ku je. Amma kada ku bar shi ya kwana biyu."

Daga wannan zaman ne tsoro ya shiga gidanmu, kuma bai fita ba sai da ya ɗauki abin da ya zo ɗauka. Ina rubuta wannan da yardar Saratu. Ba ni da zurfin karatu, zan faɗa yadda na gani. Abin da nake so shi ne duk mai ƙurajen fuska, ko mai 'ya ko ƙanwa ko mata da ke fama da su, ya ji yadda namu ya kasance kafin ya sayi wani abu.

Ƙurajen sun fara mata tun tana budurwa. Kowa ya ce na balaga ne, za su tafi da kansu, wasu suka ce aure ne maganinsu. Aka yi auren, ba su tafi ba. Sai ma suka canza. Da ƙanana ne, suka koma manya masu ƙullutu a ƙarƙashin fata, a haɓa da kumatu da goshi, su yi kwanaki suna zogi kafin su fashe da mugunya, in sun warke su bar rami da baƙin tabo. Akwai lokacin da ba ta iya ɗora goshi a ƙasa wajen sujada sai ta runtse ido.

Babu abin da ba mu gwada ba. Sabulun salo, lemon tsami, kurkur da zuma, ruwan ganyen darbejiya. Gwaggonmu ta hana ta gyaɗa da duk wani abu mai maiƙo. Wata maƙwabciyarta ta kawo mata man haɗi a 'yar roba marar suna. Mako biyun farko fuskar ta yi fes har muna murna, daga baya ƙurajen suka dawo sun ninka, fatar ta yi ja tana raɗaɗi in rana ta taɓa ta. Ni ma da hannuna na sha matse mata su, ina ganin taimako nake yi.

Sa'idu bai taɓa damuwa da su ba. Yakan ce mata, "Ni da ƙurajen na gan ki na ce ina so. Ranar da suka tafi sai an sake ɗaura mana aure, don wata matar ce." Ta yi dariya ta jefe shi da mafici. Amma ita abin yana cin ta. Awara take soyawa a gida, yara da matan unguwa suna saye. Wata rana wata mata ta shigo, ta dubi fuskarta, ta dubi kaskon, ta ce, "Amarya, wannan abin naki dai ba ya yaɗuwa ko?" Ba ta saya ba. Daga nan ciniki ya ja baya. Saratu ta daina zuwa biki da suna. In na je Durba sai in tarar ta juya madubin ɗakinta ya kalli bango.

Surukarta, Iya Tabawa, ita ta ce a tafi Kano. Iya tana da hawan jini, tana ganin likita a wani babban asibiti can lokaci-lokaci, kuma tana son Saratu kamar ita ta haife ta. Ta ce, "Ranar da zan koma sai mu tafi tare. An ce akwai likitan fata. Yarinya da ƙuruciyarta ba za ta zauna a ɗaki kamar mai takaba ba." Damina ce, Sa'idu yana gona, don haka su biyu suka tafi.

Abin da ya faru a ɗakin likitar, daga bakin Saratu na ji shi, daga baya sosai. Iya ta raka ta har ƙofa, sannan ta wuce nata layin. Likitar mace ce, kuma ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce maganin ƙuraje hawa-hawa ne. Akwai wanda sabulu mai sauƙi da barin matsa ya ishe shi. Akwai na shafawa da ake yin watanni ana shafa shi kafin a ga aikinsa. Akwai ƙwayoyin da ake sha na ɗan lokaci tare da na shafawar. Sannan akwai na ƙarshe, wani kafso mai ƙarfi, na irin ƙurajen da ke barin rami. Ta ce nata sun kai wannan matakin. Aka yi mata gwajin fitsari, babu ciki. Likitar ta ce, "Ki saurare ni da kyau. Muddin kina shan wannan, ba a son ki ɗauki ciki ko kaɗan. Daga nan ki wuce ɗakin tsarin iyali, su ba ki abin da za ki yi amfani da shi. Na wata ɗaya zan rubuta miki. Ki dawo a sake gwaji kafin in ƙara miki." Saratu ta ce to.

Ta fito ta sami Iya tana jiran ta a inuwa. Iya ta ce, "An gama?"

Duk macen da ta yi zaman gidan miji ta san abin da ke gaban Saratu a lokacin. Shekara da wani abu da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, matan gida sun fara kallon cikinta in ta wuce. Yanzu ta yaya za ta dubi uwar mijinta ta ce, Iya, raka ni inda ake hana haihuwa? Bakinta bai iya ba. Ta ce, "An gama, Iya." Suka karɓi magani suka nufi tasha. A ranta ta ce wata ɗaya ne, ita da ta yi shekara shiru, ba a wannan watan abin zai zo ba.

Maganin ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Leɓenta ya bushe yana tsagewa, kullum tana shafa masa man kaɗanya, amma ƙulluttukan suka fara kwanciya. Wata ya cika, maganin ya ƙare. Ranar komawar Iya da saura, ruwa ya ɓata hanya, aikin gona ya yi yawa, ga layin asibitin da sai mutum ya yi sammako. Sai aka yi abin da kowa yake yi a wajenmu. Sa'idu zai shiga Kano da kaya, ya ce, "Ba ni kwalin in sayo miki irinsa." Haka muke yi da maganin zazzaɓi, haka muke yi da na ciwon ƙafa. Ya kai kwalin wani babban kantin magani, aka duba, aka miƙo masa, ya biya. Ba wanda ya ce na wa ne, mace ce ko namiji, tana da aure ko ba ta da shi. Ba wanda ya nemi takardar likita. Da wannan ya ƙare ya sake komawa. Shi bai san akwai wani sharaɗi ba, don ba ta faɗa masa ba, kuma ƙananan rubutun da ke cikin kwalin da Turanci suke.

Al'adarta dama ba ta da tsayayyen lokaci, don haka da ta yi jinkiri ba ta kawo komai ba. Sai da tashin zuciya ya fara, ƙamshin man suya ya soma juya mata ciki, sannan gabanta ya faɗi. Ranar ta daina sha. Ta tura sauran a ƙasan akwati. Cikin fari ne, ba ta faɗa wa kowa ba, kamar yadda ba wadda take faɗa. Ta zauna da cikin da maganar likitar ita kaɗai, tana suya, tana shara, tana gaishe da mutane, har ciki ya fara fitowa Iya ta gane, ta sa Sa'idu ya kawo ta awo. Da malamar ta tambaye ta ko ta sha wani magani, sai ta zaro kwalin daga jaka. Ashe tun daga gida ta taho da shi.

A makon muka je Kano, ni da ita da Sa'idu. Mun isa da sassafe, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Ban taɓa ganin layi irin wannan ba, mata masu ciki har a ƙasa suna zaune. Aka yi hoton ciki, sannan muka ga likitan mata, wani dattijo mai magana a hankali. Ya juya kwalin a hannunsa, ya tambayi lokacin da ta daina. Ya ce, "Ba kowane ciki ne yake samun matsala ba. Amma haɗarin babba ne, ba zan rage muku shi ba. Yakan taɓa zuciya, da kunne, da ƙwaƙwalwa. Hoton yau ya nuna wani abu a zuciyar da ban gamsu da shi ba. Sauran sai an haihu."

Saratu ta yi magana a karon farko. "Likita, ai ina ganewa na daina."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Maganin yana yin ɓarnarsa tun kafin mace ta san tana da ciki."

Wannan maganar ce ta zauna mini. Har yau in ina wanke-wanke sai in ji ta.

Sa'idu ya ce, "Babu allurar da za a yi ta wanke shi?" Likitan ya girgiza kai. Ya ce ta riƙa zuwa awo a wajensu, kuma a nan za ta haihu, kada a yarda ta haihu a gida.

Muna cikin mota a hanyar komowa, har mun wuce Bunkure. Sai Sa'idu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da hannuna na sayo." Saratu ta ce, "Ni aka faɗa wa." Na ce su bari haka nan, mota cike da mutane.

Da labari ya isa dangi, kowa ya zo da nasa. Gwaggo ta ce a jiƙa tsamiya ta wanke cikin. Wata Bafulatana da ke kawo wa Iya nono ta ce ta riƙa shan madarar da aka tatso da safe, tana kashe dafin kowane magani, kuma ta riƙa kawowa kyauta har aka haihu, Allah ya saka mata. Maigidana ya karɓo rubutu. Wani kawunmu ya ce likitoci sun fiye tsoratarwa, matarsa ta sha magunguna iri-iri da ciki, 'ya'yanta ga su nan garau. Mun sha rubutu, mun sha madara, tsamiyar ce kawai na hana sai an tambayi likita. Iya Tabawa kuwa ta zo har gidana ta zauna a tabarma tana share ido da gefen mayafi.

"Da ta faɗa mini, wallahi da kaina zan kai ta ɗakin nan. Ni jika nake so, amma ba ta haka ba."

Na gaya wa Saratu. Ta ce, "Yaya, ke da ke ce, za ki iya faɗa wa taki surukar?" Na san amsar.

Da cikin ya tsufa ta dawo gidana goyon ciki, tunda ba mu da uwa. Waɗannan watannin ba na son tuna su. Ƙurajen suka dawo mata, ko kallonsu ba ta yi. Abin da take bi shi ne motsi. Muna zaune muna hira sai ta ɗora hannu a ciki ta daina jin abin da nake faɗa. In ya yi shiru na ɗan lokaci sai ta ce, "Yaya, taɓa ki ji." In ya motsa ta sauke numfashi, can kuma ta ce, "Mai ciwon zuciya yana motsi haka?" Na ce ban sani ba. Mata suna zuwa da 'yan kayan jarirai, ta karɓa ta yi godiya, ta miƙo mini ba ta buɗe ba. Ni kaina na kasa sayen komai. In na shiga kasuwa na ga rigunan jarirai sai in sauya layi.

Ta haihu a Kano, da rana, namiji. Ya yi kuka, ƙarami-ƙarami, amma ya yi. Aka naɗo shi aka miƙo mini. Kyakkyawa ne, da sumar kai baƙa wuluk. Na ɗaga zanin a hankali ina duba hannu da ƙafa, komai cif. Sai na zo kai. Kunnen hagu ƙarami ne, a naɗe. Na dama kuwa ɗan tsiro ne kawai kamar ƙwayar wake, ban ga ƙofa ba.

Aka kira Sa'idu ya yi masa huɗuba. Ya karɓe shi, ya sunkuya ta dama kamar yadda ake yi, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Yi a nan ɗin." Ya kai bakinsa kan ɗan tsiron ya yi kiran salla har ƙarshe, ya juya hagu ya yi iƙama. Ya miƙo mini shi ya fita.

Kafin la'asar leɓen yaron ya fara yin shuɗi. Ma'aikatan suka karɓe shi da sauri zuwa ɗakin jarirai, aka sa shi a kwalba, aka sa masa robar iska a hanci.

Makon farko a baranda muka yi shi. Ba a barin kowa ya shiga sai uwa, ita ma sai lokaci ya yi. Ba ya iya kama nono, in ya ja sau biyu sai ya gaji yana haki. Saratu tana tatsa a ɗan kofi, a zuba masa ta siririyar roba. Ruwan zafi na wankan jego a fulas nake sayowa daga masu shayi, ta ɗan gasa jikinta a banɗaki. Gwaggo ta yi ta faɗa a waya cewa za mu lalata yarinya, jego ba wanka ba kunun kanwa. Na ce ta zo ta nuna mini inda zan hura wuta. Akwai wata nas, doguwa, mai faɗa kamar me, ta kore ni daga ƙofa ya fi a ƙirga. Ita ce kuma ta zauna da Saratu ta koya mata tatsa da hannunta, ta kawo mata abinci daga gidanta ranar da ta ga ba ta ci komai ba. Ban san sunanta ba, ina yi mata addu'a.

Suna a Durba aka yi shi, babu jariri babu mai jego. Aka yanka rago, aka sa masa sunan mahaifin Sa'idu, muka riƙa ce masa Abba. Wanzamin gidansu ya aiko wai a tambaya yaushe za a kawo yaro a cire belu, wataƙila shi ya hana shi shan nono. Likitar yara ta ce ko kusa, kada ƙarfe ya taɓa yaron nan. Sa'idu ya tsaya a kan haka duk da surutun da ya sha.

A mako na biyu muka shiga neman hoton zuciya. Na'urar ɗaya ce, mai yin hoton ba kullum yake zama ba. Aka ba mu rana, muka je aka ce wuta ta lalace. Aka sake ba mu wata. A nan kam na yi fushi, na ɗaga murya a gaban mutane, abin da ban saba ba. Da aka samu aka yi, likitan zuciya ya zana mana a takarda. Ya ce akwai ƙofa a inda bai kamata ba, kuma manyan jijiyoyin ba su zauna daidai ba, shi ya sa jininsa ba ya ɗaukar iska sosai. Sai an yi aiki. Aikin ba a ko'ina ake yin sa ba, kuma sai yaron ya ƙara nauyi. Sa'idu ya riga ya sayar da masararsa tun ba ta yi daraja ba, ya sayar da ɗan bijimin da yake kiwo. Ya ce, "Ko gonar ce zan sayar, Likita." Likitan ya ce, "Ka bari tukuna ya yi nauyi."

Daga nan rayuwarmu ta koma kan sikeli. Kullum da safe a ɗora shi. Rana ɗaya ya ƙaru kaɗan mu yi ta murna, washegari ya koma.

Iya Tabawa ta zo, aka yi mata alfarma ta shiga. Tunda sunan mijinta ne ba ta iya kiran sa, sai ta leƙa kwalbar ta ce, "Maigida, haka za ka yi mini? Ka dawo ka tarar na tsufa shi ne ka shige gilashi ka ƙi kallo na? Fito, tuwonka yana nan na ajiye." Yaron ya motsa ido. Iya ta juyo da murna, "Kun gani? Ya ji ni! Ya san muryar matarsa." Har nas ɗin nan mai faɗa sai da ta yi dariya. Saratu ba ta yi ba. Da muka fito ta tare likitar yara a hanya.

"Likita, yana ji?"

Likitar ta ce kunnen waje ba shi ke nuna abin da ke ciki ba. Wani ana haifar sa haka kuma yana ji ta ɗayan, wani ba ya ji. Akwai gwajin da ake yi da na'ura, za a rubuta mana, amma yanzu zuciyar ce a gaba. "In ya ɗan yi ƙarfi sai a yi."

Tun daga ranar Saratu ta koma zama ta hagunsa. Ita da ko sunansa bai kamata ta kama ba, ɗan fari, sai ga ta tana sunkuyawa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, doguwar magana. Ban taɓa matsawa in ji me take cewa ba.

Wajen mako na huɗu suka sallame mu da magunguna, suka ce mu riƙa dawowa. Na yi murna, na kuma ji tsoro, don a asibiti in ya yi shuɗi akwai mai rugowa. A gidana ni ce. Muna ba shi nono da ɗan cokali, kaɗan-kaɗan, yana sha, gumi yana tsattsafo masa a goshi kamar mai noma. Na hana turaren wuta, na hana 'yan barka ɗaukar sa, wasu suka ji haushi har yau ba su huce ba. Na koyi kallon leɓensa da farcensa. Ko girki nake yi, sai in ajiye muciya in leƙo. Wata tsohuwa a unguwarmu ta ce hular nan da muke sa masa kullum me muke ɓoyewa. Saratu ta cire hular ta ce, "Ga shi, Baba, kalli." Tsohuwar ta yi salati ta ce Allah ya raya. Ba ta sake sa masa hula don mutane ba, sai don sanyi.

Ya yi kwanaki masu kyau. Akwai ranar da ya riƙe yatsana da ƙarfi har na kira Saratu ta gani. Muka fara cewa wataƙila.

Sai mura ta kama shi. Ƙaramar mura, irin wadda yarana suke yi su warke ba magani. Da safe na ga haƙarƙarinsa yana shiga ciki in ya ja numfashi. Muka ruga asibiti nan Rano, suka sa masa iska, suka ce a nemo mota zuwa Kano. Sa'idu yana hanya daga Durba a kan babur. Motar ta zo, ana shirin fito da shi, malamar da ke riƙe da robar ta dube ni ta girgiza kai. Yana hannun uwarsa. Ko arba'in bai cika ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A Durba aka binne shi, kusa da mai sunansa.

Bayan an share makoki na koma Kano ni kaɗai wajen likitar fata, da kwalin a jakata. Ba faɗa na je yi ba, ko da yake a raina akwai ƙorafi. Na ce mata, "Likita, kin faɗa mata gaskiya, ban musa ba. Amma yarinya ce sabuwar aure, da surukarta ta zo. Da kin sa an kira mijin, ko kin haɗa ta da wata ta raka ta ɗakin tsarin iyalin." Ta ce ta ji, kuma ta yi mana ta'aziyya har idonta ya kawo ruwa. Na gode mata da ba ta kare kanta ba. Mai kantin da ya miƙa magani ba tambaya, shi na bar shi da Allah.

Na kwafe sunan maganin daga kwalin harafi-harafi: isotretinoin. Likitar ta ce magani ne mai kyau ga wanda ya dace da shi, ya raba mutane da yawa da wahala, amma ba a shan sa sai a hannun likita, da gwaji duk wata. Ta ce ko a cikin sauran ƙwayoyin ƙuraje da na shafawa akwai waɗanda mai ciki ba ta amfani da su, akwai kuma waɗanda ba su da laifi, don haka mace ta faɗi gaskiyar halin da take ciki kafin a rubuta mata. Ta ce man haɗi marar suna ɓata fata yake yi, matsa kuma ita ke kawo tabo. Ta kuma ce maganin ya daɗe da barin jikin Saratu, ba zai taɓa cikin gaba ba.

Nawa roƙon kaɗan ne. Kada a ɗauki kwali a kai kanti don an ga magani ya yi aiki. In likita ya ce a dawo, akwai dalili. In za a kai matar aure asibiti, a bar ta da wadda za ta iya buɗe baki a gabanta, ko mijin ya bar gonar rana ɗaya. Ke kuma da aka faɗa wa magana mai nauyi a ɗakin likita, ki nemi mutum ɗaya ki faɗa masa, ko da kunya za ta kashe ki.

Saratu ta koma ɗakinta. Sa'idu yana kula da ita, Iya ma haka. An ba ta wani na shafawa mai sauƙi, wata rana ta shafa, wata rana ta manta. Ba ta koma suyar awara ba tukuna.

Makon jiya na je Durba. Muna zaune muna gyaran zogale, ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ranar da Iya ta yi masa magana ya motsa ido. Ke kina wajen. Muryar ya ji, ko inuwarta ce ta faɗa masa a fuska?"

Na ce, "Ban sani ba, Saratu."

Ta ce, "Na ba shi haƙuri sau da yawa. Ta hagun nake faɗa."

Na so in ce mata ya ji. Na duba zuciyata na ga ba ni da tabbas, kuma ta gaji da maganar da ake faɗa don a kwantar mata da hankali. Muka ci gaba da gyaran zogalen. Gwajin jin da aka ce za a yi in ya yi ƙarfi, ba a kai ga yin sa ba.